Kalmomin da ke takardar mai haɗa kwamfutoci, da abin da kowacce take nufi

Tambaya: Ina shugabantar wata makaranta a Aboabo da ke Kumasi. Wasu bayin Allah sun ba mu kwamfuta 24 da firinta ɗaya, kuma yaron da muka kira ya haɗa su ya kawo mana takardar lissafi cike da kalmomin da ban gane ba: LAN, Cat6, suwic, rauta, IP, DHCP da sauransu. Kafin in kai takardar gaban kwamitin iyaye ina son in san ma'anarsu. Kuma shin dole ne sai mun riƙa biyan kuɗin intanet kowane wata kafin kwamfutocin su yi aiki tare?

Amsa: Allah ya gafarta Malam, bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, domin idan ta warware sauran za su zo da sauƙi. Ba dole ba ne ku biya wani kamfani ko kwabo kafin kwamfutocinku su yi magana da juna. Abin da ke rikita mutane shi ne yadda muka mayar da kalmar netwok wani buhu da muke cusa komai a cikinsa: kira ya ƙi shiga mu ce babu netwok, mai MoMo ya kasa tura kuɗi ya ce netwok ne, firinta ta ƙi buga takarda ma netwok za a ɗora wa laifi. Alhali kuwa abubuwa biyu ne daban. Akwai haɗin cikin gida, wanda ku kuka sayi kayansa, kuma a cikin ginin makarantarku yake farawa ya ƙare. Shi ake kira LAN, wato haruffan farko na wasu kalmomin Turanci uku masu nufin haɗin na'urorin da ke wuri ɗaya. Sannan akwai haɗin waje mai cin dogon zango, wanda ake kira WAN, kuma intanet ita ce babbarsa. Hanyar shiga wannan na biyun ce kamfanoni irin su MTN da Telecel suke sayarwa.

Mutanen ƙasar nan sun ga bambancin da idonsu a farkon azumin shekarar 2024. Ranar 14 ga Maris wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a lokaci guda, intanet ta yi rauni a Ghana da maƙwabtanta har na kwanaki. Duk ofishin da ke da LAN mai kyau ya ci gaba da buga takardu da buɗe fayilolin da aka ajiye a kwamfutar ofis kamar babu abin da ya faru, abin da ya gagara kawai shi ne duk wani aiki da sai an leƙa waje. To, makarantarku za ta iya zama haka da gangan har ta samu halin biyan intanet. Za ku iya ware kwamfuta ɗaya ta zama rumbun sauran, wadda ake kira saba, a zuba mata littattafai da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, har ma da Wikipedia ta Turanci da ta Hausa ta hanyar wata manhaja ta kyauta mai suna Kiwix, yara su riƙa buɗewa daga kujerunsu.

Yanzu sai mu bi takardar yaron, amma zan bi ta ne bisa yadda saƙo yake tafiya daga kwamfutar ɗalibi har ya fita ƙofar makaranta, domin kowace kalma sunan wani zango ne a kan wannan hanya, kuma amfanin saninta shi ne ranar da abu ya lalace ka san a wane zango za a duba.

Zangon farko shi ne kebul. Tsarin da kusan duk wani LAN mai waya yake bi a duniya sunansa Ethernet. Wani injiniya, Robert Metcalfe, shi da abokan aikinsa suka ƙirƙiro shi a ɗakin binciken kamfanin Xerox da ke Amurka a 1973, kuma a 1983 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta mayar da shi ƙa'ida mai lamba 802.3, wadda kowane mai ƙera kaya yake bi. Idan ka fere bayan kebul ɗin za ka ga ƙananan wayoyi 8 masu launi, an murɗe su bibbiyu kamar tufkar igiya, kuma murɗin nan ba ado ba ne, shi yake hana wutar da ke gudana a wayoyin kusa ta gurɓata saƙon. Cat5e da Cat6 darajojin kebul ne, na biyun ya fi na farko inganci, amma a ɗaki irin naku kowannensu zai ɗauki gudun gigabit ɗaya, wato megabit 1,000 a ma'aunin gudun saƙo, ba tare da wahala ba. Kan robar da ake matsawa a bakin kebul, wanda ke yin ƙaras idan an cusa shi, shi ne RJ45.

Abu uku nake so Malam ya tsaya a kansu game da kebul, domin a nan aka fi cutar masu saye. Na farko, tsawon kebul ɗaya kada ya wuce mita 100, wannan iyaka ce ta ƙa'idar kanta. Na biyu, akwai kebul mai arha a kasuwa wanda cikinsa alminiyum ne aka shafe da jan ƙarfe, a jikin kwalinsa wani lokaci za ka ga an rubuta CCA. Yana aiki a makon farko, amma yana karyewa da wuri a wurin matsi, kuma idan ka kankare wayar da reza za ka ga cikinta fari ne maimakon ja. Ku nemi mai jan ƙarfe zalla ko da zai ɗan fi tsada. Na uku shi ne matsin kan. Gudun megabit 100 wayoyi 4 kawai yake amfani da su, gudun gigabit kuwa sai duka 8 sun haɗu. Saboda haka idan waya ɗaya ba ta matsu da kyau ba, kwamfutar tana iya ci gaba da aiki a kashi ɗaya cikin goma na gudun da kuka biya, babu wanda ya sani. Akwai ƙaramar na'urar gwaji mai fitilu 8, ka ce wa yaron ya gwada kowane kebul a gabanka. Idan kuma kuna da niyyar kai haɗin wani gini da ke ƙetaren fili, kada a ratsa kebul na jan ƙarfe ta sararin sama. Kai ma ka san tsawar daminar Kumasi, kuma na sha ganin bakunan na'urori sun ƙone ta wannan hanya. Tsakanin gini da gini faiba ake sawa, wato zaren gilashi mai ɗaukar haske, wanda wuta ba ta bin sa.

Duk kebul ɗin nan a wuri ɗaya suke haɗuwa, wato suwic. Akwati ne mai jerin ramuka a gaba, kowace na'ura da raminta. Kwamfuta ba ta tura fayil a dunƙule, tana yayyanka shi ne ƙanana-ƙanana, kowane yanki ana kiran sa fakiti, kuma a jikin kowanne akwai adireshin mai aikawa da na mai karɓa. A da akwai wani akwati mai kama da suwic da ake kira hob, wanda duk abin da ya shigo ta rami ɗaya sai ya watsa shi ga kowa, kamar mai shela a bakin masallaci, wanda abin ya shafa ya ɗauka, sauran su yi watsi da shi. Suwic ya fi shi hankali: yana lura da wace na'ura ce a wane rami, ya riƙe a kansa, sai ya miƙa fakiti ga mai shi kaɗai. Idan wani ya kawo muku tsohon hob kyauta, ku gode masa ku ajiye.

Abin da suwic yake gane na'ura da shi kuwa shi ne adireshin MAC. Lamba ce mai gurbi 12, cakuɗe da alƙaluma da haruffan A zuwa F, wadda aka buga wa na'urar tun daga masana'anta, rabinta na farko ma yana nuna kamfanin da ya ƙera ta. Ka ɗauke ta kamar lambar shasin mota, wadda ko an kai motar Tamale ko Bolga tana nan yadda take.

Ga wani lissafi da nake so ka duba a takardar yaron tun yau. Suwic yana zuwa ne da rami 5, ko 8, ko 16, ko 24, ko 48. Wanda ya ji kwamfuta 24 zai yi saurin rubuta suwic mai rami 24, ya manta firinta tana son rami, rauta ma, wato akwatin da ke haɗa ku da waje, tana son rami, ka ga 26 ke nan tun ba a zo ga kwamfutar ofishinka ba. Ko dai ku sayi mai 48, ko ku haɗa mai 24 da mai 8, amma a tuna cewa kebul ɗin da zai haɗa su zai cinye rami ɗaya a kowane ɓangare, saura 30. Kuma a gargaɗi yara game da ramukan da suka rage. Na taɓa kwana biyu ina neman abin da ya tsayar da haɗin wata makaranta cak, fitilun suwic duka suna ƙiftawa kamar sun haukace, ashe wani ɗalibi ne ya ga kebul yana reto ya ɗauki kansa ya cusa a wani ramin na suwic ɗin da ya fito daga ciki. Saƙo ya riƙa zagayawa ba iyaka har ya toshe hanya. Ƙananan suwic masu arha yawanci ba su da dabarar kare kansu daga wannan.

A nan muka iso IP, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin mafi yawan matsalolin da za ku gamu da su a nan suke. Idan MAC lambar shasi ce, IP lambar ɗaki ce a gidan haya: ba a jikin mutum take ba, ta wurin da ya zauna ce, kuma idan ya tashi wani ya shiga ta zama ta sabon ɗan haya. Lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakaninsu, kowacce daga 0 zuwa 255, misali 192.168.1.15. A haɗi irin naku lambobi ukun farko sunan gidan ne, ta ƙarshen ita ce ɗakin. Abin da ke faɗa wa kwamfuta inda sunan gida ya tsaya lambar ɗaki ta fara shi ne sabnet, wanda za ka ga an rubuta shi 255.255.255.0. Da wannan tsari kuna da ɗakuna 254, domin 0 sunan gidan ne shi kansa, 255 kuma an ware ta don kiran kowa da kowa. Ma'anar wannan a aikace ita ce kwamfuta mai 192.168.1.15 da firinta mai 192.168.0.20 ba za su ga juna ba ko da a suwic ɗaya aka cusa su, saboda a ganinsu gidajensu daban ne. Haka kuma idan na'ura biyu suka ɗauki lamba ɗaya, sai ka ga ɗaya na aiki ɗaya na katsewa, su riƙa karɓa-karɓa.

Kada Malam ya yi mamaki idan ya je wani ofishi a Adum ya tarar da kwamfutarsu ita ma tana da 192.168.1.15. Tun 1994 aka ware wasu rukunin lambobi uku don amfanin cikin gida kawai: masu farawa da 10, da masu farawa da 172.16 zuwa 172.31, da masu farawa da 192.168. Kowa na iya amfani da su ba tare da izinin kowa ba, kamar yadda kowane gidan haya a Zango yake da ɗaki mai lamba 5 ba tare da an yi rigima ba. Dalilin ware su shi ne ƙarancin lambobi. Tsarin IP da muka saba da shi adireshi wajen biliyan 4.3 kawai zai iya bayarwa, kuma babbar ma'ajiyarsu ta duniya ta raba na ƙarshe a watan Fabrairun 2011. Kason Afirka hukumar AFRINIC da ke Moris ce take raba shi ga kamfanoni. Akwai sabon tsari mai suna IPv6 wanda lambobinsa ba su da ranar ƙarewa, amma ɗakin kwamfutarku ba ya bukatarsa a yanzu.

Wa ke raba ɗakunan? Ana iya bin kwamfuta 24 ɗaya bayan ɗaya a rubuta wa kowacce lambarta da hannu, amma an fi barin aikin ga DHCP. Wannan ba akwati ba ne da za a saya, wani aiki ne da rauta take yi: duk na'urar da aka kunna sai ta yi kira tana neman lamba, rauta ta ba ta aron wadda ba kowa a kai na wani ƙayyadadden lokaci, ta rubuta a littafinta. Shi ya sa nake ba ku shawarar ku sayi rauta ko da ba za ku biya intanet yanzu ba, domin wannan rabon ba ya bukatar intanet. Sai dai firinta da saba kada a bar su cikin masu aro, a ba su lamba tabbatacciya wadda ba ta canjawa, in ba haka ba wata safiya bayan an ɗauke wuta an dawo da ita za ku tarar firinta ta koma wani ɗakin, kwamfutoci na ta ƙwanƙwasa tsohon. Kuma mai rabo ɗaya ake so a gida. Idan wani malami ya zo da tasa rautar daga gida ya cusa ta a suwic don ya samu waifai a ofis, ta fara raba nata lambobin, rabin ɗakin zai ɓace wa sauran rabin. Akwai alama ɗaya da ta cancanci a haddace ta: duk kwamfutar da ka ga lambarta ta fara da 169.254, ta yi kira ne ba wanda ya amsa, sai ta laƙaba wa kanta lamba. Laifin yana ga kebul ko suwic ko rauta, kada a tsaya zargin kamfanin intanet.

Rauta ita ce ƙofar gida. Idan kwamfuta ta duba adireshin da za ta aika wa saƙo ta ga ba na gidanku ba ne, sai ta miƙa shi ga ƙofar fita, wadda masu aikin ke kira getuwe, kuma ba komai ba ce illa lambar rautar kanta, yawanci 192.168.1.1 ko 192.168.0.1. Rauta tana da fuska biyu, ɗaya tana kallon ciki da lambar cikin gida, ɗaya tana kallon waje da lambar da kamfani ya ba ta. Duk saƙon da zai fita sai ta cire lambar ɗakin ta sa tata, ta rubuta wanda ya aiko, idan amsa ta dawo ta duba littafi ta kai masa. Wannan musayar ita ce NAT, kuma da ita ne kwamfuta 24 suke shiga intanet da layi ɗaya. Akwatin da kamfanin waya ke bayarwa, wanda kowa ke kira rauta, a gaskiya na'urori huɗu ne a riga ɗaya: modem mai magana da layin kamfani, da rautar kanta, da ɗan ƙaramin suwic mai rami kamar 4, da tashar waifai. DNS kuwa shi ne mai fassara suna zuwa lamba. Ɗalibi zai rubuta sunan shafin jami'ar KNUST, kwamfuta ta tambayi DNS lambarsa, sannan ta kama hanya.

Game da waifai, na san wani a kwamitin zai ce me ya sa ba za a bar kebul duka a huta ba. Waifai iska ɗaya ce kowa ke rabawa, idan ɗaya na magana sauran sai su jira, alhali a suwic kowa da layinsa. Kwamfutocin tebur da ba sa motsi kebul ya dace da su, waifai a bar wa wayoyi da kwamfutocin hannu na malamai. Yana aiki ne galibi a zango biyu, 2.4 da 5 gigahaz: na farkon ya fi ratsa bangon bulo amma ya fi cunkoso, na biyun ya fi gudu amma ba ya nisa. SSID sunan da ke bayyana ne a waya idan ana neman waifai. Wajen kulle shi a zaɓi WPA2 ko WPA3, a guji tsohon tsarin WEP wanda aka daɗe da fasa shi. A kuma canja kalmar sirrin shiga cikin rautar kanta, wadda ta bambanta da ta waifai, domin ta masana'anta a bayan akwatin take a rubuce kuma yaranku sun iya karatu.

Idan lokacin sayen intanet ya zo, a lura da ma'auni. Kamfanoni da megabit suke faɗin gudu, fayil kuma da megabait ake auna shi, kuma bit 8 ne ke yin bait ɗaya. Layin megabit 40 ke nan megabait 5 yake saukewa a daƙiƙa idan komai ya tafi daidai, kuma wannan ne duk ɗakin za su raba. Suwic mai gigabit ba zai ƙara wa layin waje gudu ba, aikinsa a cikin gida yake.

Ranar da aka ce maka babu netwok, ga yadda za ka bi zangunan da kanka kafin ka kira kowa. Fara da duba ko fitilar da ke bakin kebul a bayan kwamfuta da ta raminsa a suwic suna ci. Idan suna ci, a buɗe baƙin allon umarni na Windows a rubuta ipconfig, zai nuna lambar kwamfutar da ta ƙofar fita. Sai a rubuta ping tare da lambar ƙofar, wanda tamkar sallama ce a ji ko za a amsa. Idan rauta ta amsa, LAN ɗinku lafiya lau yake. Daga nan a yi ping zuwa 8.8.8.8, wata sananniyar lamba ta kamfanin Google. Idan ba amsa, matsalar daga rauta zuwa waje take, ko data ta ƙare ko layin kamfani ne. Idan ta amsa amma shafuka ba sa buɗewa da sunansu, DNS ne.

Abu biyu ban ga ka ambata a cikin takardar ba, kuma ina so a ƙara su kafin ta je gaban iyaye. Na farko ƙaramin UPS, wato akwatin batir mai riƙe wuta idan an ɗauke, na suwic da rauta, saboda dumso, wato yawan ɗauke wuta, da hawa da saukar wuta sun fi kashe waɗannan akwatuna fiye da tsufa. Na biyu ba ya cin kuɗi: kafin a biya yaron cikon kuɗinsa, ya manna lamba a kan kowane kebul ta kai biyu, lambar da ke bayan kwamfuta ta zo daidai da ta wurin suwic, sannan ya rubuta maka a takarda lambar rauta, da ta firinta, da ta saba, da kalmomin sirri duka biyu, ka sa a durowar ofis inda kake ajiye rajistar makaranta.